Kwana uku a Toyama, inda tsofaffi da yara ke wuni a falo ɗaya

Daga Tokiyo zuwa Toyama tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna a jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu, Shinkansen, a layin Hokuriku da ya iso garin a watan Maris na 2015. Na tashi a Fabrairu, rana fes a Tokiyo. Da jirgin ya huda duwatsun Nagano ya ɓullo ta gefen Tekun Japan sai gari ya koma fari fat, dusar ƙanƙara ta danne rufin gidaje da gonakin shinkafa. A cikin Toyama kuwa, tsakiyar wasu tituna akwai bututu a binne mai ƙananan huji, yana fesa ruwan rijiya don ya narkar da ƙanƙarar. Duk mai tafiya a ƙasa takalminsa a jiƙe yake, kuma da wannan jiƙaƙƙen takalmi tsarin gidan da na je gani ya fara.

Abin da ya kawo ni garin tsari ne da Japanawa ke kira da sunan jihar da garin ke ciki, wadda ita ma Toyama ce, wato kulawar wuni irin ta Toyama. A 1993 wasu ma'aikatan jinya mata uku da suka bar asibitin Red Cross na Toyama, cikinsu har da Kayoko Soman, suka buɗe gida a unguwa suka ce kowa ya zo: tsoho, jariri, mai nakasa. Suka sa masa suna Konoyubi Tomare, kiran da yaro ke yi idan ya ɗaga yatsa yana neman abokan wasa su zo su kama. A lokacin dokar ƙasar ta ware kowane rukuni da gininsa da kuɗinsa, don haka da farko ba su samu tallafin gwamnati ba. Sannu a hankali abin ya bazu, har a 2018 aka shigar da irin wannan haɗakar cikin dokar ƙasa. Akwai manyan wurare ma, kamar Kotoen da ke Edogawa a Tokiyo, mai gidan tsofaffi da makarantar reno a gini guda. Ni ƙananan nake nema, waɗanda aka gyara daga gidan zama, domin a nan ake ganin kowane santimita da aka yi gardama a kansa.

Gidan da aka ba ni izinin shiga yana bayan gari, kamar minti ashirin a mota daga tasha. Ba zan kama sunansa ba saboda mutanen da ke wuni a ciki. Tsohon gidan katako ne. Da safe tsofaffi tara na tarar da jarirai biyu, bayan ƙarfe uku kuma yaran makaranta suka shigo, wasunsu masu nakasa. Na je da tef ɗin awo da tafinta, shugabar gidan ta ce in auna duk abin da nake so muddin ban tsaya a hanyar kowa ba.

Tun daga waje matsala ta nuna kanta. Dokar gini a Japan ta ce daɓen gidan katako ya ɗaga aƙalla santimita 45 daga ƙasa saboda danshi, sai in an yi wa ƙarƙashin kankare. To keken guragu zai hau wannan tsayi. Gangaren da mutum zai iya tura kansa shi ne ɗaya cikin goma sha biyu, wato kowane santimita ɗaya na tsayi yana cin goma sha biyu na tsawo, kenan santimita 45 na buƙatar mita 5 da santimita 40. A waje ma sun fi son ɗaya cikin goma sha biyar, mita 6 da santimita 75. Filin gaban gidan bai kai ba, sai suka lanƙwasa gangaren gida biyu, suka bar fili shafaffe mai faɗin mita ɗaya da rabi a wurin juyawa, suka yi masa rumfa don kada ƙanƙara ta daskare a kai. Amma gangare a wurin yaro filin tsere ne. Shi ya sa ƙarshensa ba ya kallon titi, yana kallon katanga.

Zauren shiga, wanda suke kira genkan, nan ake cire takalma. Matakin hawa cikin gida a tsofaffin gidaje yakan kai santimita 30, alhali abin da ake so kada ya wuce 18. Sun raba shi biyu da falanki mai faɗi da aka ɗaure da ƙusa, kowane hawa 15. Falankin da aka ajiye kawai ba a ɗaure ba ya fi rashinsa haɗari, yana zamewa a daidai lokacin da nauyin mutum ke kansa. A gefe akwai benci mai tsayin santimita 40, da sandar kamawa a tsaye a jikin bango. Tsoho ba ya cire takalmi a tsaye a kan ƙafa ɗaya, zama yake yi. Kantar takalman yara tana ƙasa a ɗaya gefen, nesa da bencin, domin yaro durƙusawa yake yi ya kunce takalmi, kuma yaron da ya durƙusa a gaban mai sanda tuntuɓe ne. An shimfiɗa roba mai huji a ƙasa tana shanye ruwan takalma.

Lungun da ke tsakanin ɗakuna ƙunci gare shi. Magina a Japan suna tsayar da ginshiƙai a tazarar santimita 91, in an cire kaurin bango sai a samu kusan 78. Keken guragu yana cin 60 da wani abu zuwa 70, sandar dafawa ta ci kusan 8. Saboda haka gefe ɗaya kawai suka sa sanda, a tsayin santimita 75, daidai wuyan hannun tsohuwa idan ta saki hannunta a tsaye. Kaurin sandar milimita 35, tazararta da bango santimita 4 zuwa 5 don yatsu su shige. Na ja ta da ƙarfi, ko motsi. Kafintan da ya yi aikin ya san allon farar ƙasa da ake rufe bango da shi ba ya riƙe ƙusa, sai ya fara ɗaure falanki a jikin ginshiƙan ciki, sannan ya kafa maƙallan sandar a kan falankin, babu biyu da suka yi nisan fiye da santimita 90. Bakin sandar an lanƙwasa shi ya koma bango. Sandar da aka bari da baki a buɗe hannun riga take kamawa ta fizgo mutum baya, kuma mai babbar riga ya fi kowa sanin wannan.

A manyan gine-gine sukan sa sanda biyu, ta ƙasa a santimita 60 zuwa 65 don yara. A nan ba su sa ba, kuma ina ganin sun yi daidai. Sanda biyu a kwance tsani ne. In akwai taga a samansu, an gama yi wa ɗan shekara uku hanyar hawa. Ko ƙarƙashin tagar falo ba su bar sanda ko kujera ko akwati ba, kuma tagogin an sa musu abin tarewa da ba ya barin su buɗe fiye da santimita 10.

Ƙofofin ciki duk masu zamewa gefe ne, a rataye daga sama, babu dogo a ƙasa. Ƙofa mai buɗewa gaba tana sa mai sanda ya ja da baya kafin ya wuce, tana kuma bugun yaron da ke bayanta. Dokin ƙofa an fafe shi har bambancin daɓe da daɓe bai wuce milimita 5 ba. Mutane sukan ɗauka babban mataki ne ke kayar da tsoho. Sau da yawa tudun santimita ɗaya ko biyu ne, wanda ido bai gani ba, ƙafar da ake ja a ƙasa ta same shi. Laifin ƙofa mai zamewa ɗaya ne, tana datse yatsun yara, shi ya sa aka sa mata birki mai rage gudu kafin ta rufe.

Falon shi ne zuciyar gidan, kuma a nan na fi daɗewa. An fasa bango tsakanin ɗakuna biyu da kicin aka samu fili na kusan murabba'in mita 45. Ƙa'idar gidajen wunin tsofaffi murabba'in mita 3 ce ga kowane mutum a wurin cin abinci da motsa jiki, ta makarantun reno kuma 3.3 ga jariri mai rarrafe, 1.98 ga ɗan shekara biyu zuwa sama. Lissafin fili bai da wuya. Mai wuyar shi ne yaro a ƙasa yake rayuwa, tsoho kuma ƙasa ta riga ta yi masa nisa. Wanda gwiwa ta ci, in ya zauna a tabarma sai mutum biyu sun ɗaga shi. In aka bar tsofaffi a kujeru, yara a ƙasa, ɗaki ɗaya suke amma ba sa haɗuwa: tsohuwa tana kallon ƙeyar yaro, yaro yana kallon ƙafar kujera.

Maganin da suka samo dakali ne a cikin ɗaki. Suna kiransa koagari. Dandamali ne na katako a kusurwa, an shimfiɗa masa tabarmar tatami uku, kowace kamar santimita 90 da 180, tsayinsa daga ƙasa 40. Wannan arba'in ɗin ba a banza aka zaɓe ta ba. Tsayin kujera ne, tsoho zai zauna a bakinsa ƙafafunsa su taka ƙasa sosai, ya miƙe ba tare da an kama shi ba. Ya yi kusa da tsayin mazaunin keken guragu, ana iya matso da keke a gefe mutum ya zame ya koma kai. Jaririn da aka kwantar a sama yana daidai cinyar wanda ke zaune, ba sai an sunkuya ba. Na ga wata tsohuwa da ba ta ce uffan ba tun safe, an kwantar da jariri a gefenta, ta sa tafin hannu a bayansa tana bubbugawa a hankali, babban yatsanta yana gyara masa wuyan riga, har ya yi barci. Kusan minti arba'in hannun bai daina ba. Da jaririn yana ƙasa a kan katifa, hannun nan ba zai kai ba.

Akwai abubuwa biyu da ake kuskurewa a wannan dakali. Na farko yin sa gajere, santimita 10 ko 15, wai don kada yaro ya ji ciwo in ya faɗo. Wannan shi ne mafi muni: ba ya zaunuwa, kuma ido ba ya kama shi, sai ya zama tarkon tuntuɓe. Na biyu cika ƙarƙashinsa da durowa har baki. Mutum ba ya miƙewa daga zaune sai ya ja dugadugansa baya sun shiga ƙarƙashin jikinsa, don haka gefen da ake zama an shigar da fuskarsa ciki da santimita 10. Durowar kayan wasa tana ɗaya gefen. Faɗowar jariri kuwa gaskiya ce, arba'in ba wasa ba ce ga mai watanni takwas. Ba su shimfiɗa katifa a gindin dakalin ba, domin bakinta zai kama ƙafar tsoho. Jariri yana kwanciya ta jikin bango, akwai ɗan shinge na katako da ake zurawa a rami idan ya fara juyi, tazarar sandunansa ba ta kai santimita 9 ba, kuma ma'aikaciya ba ta barin wurin.

Sauran daɓen falon leda ce mai ɗan soso a ciki, kaurinta bai wuce milimita 3 ba, marar sheƙi, an manne ta gaba ɗaya. Wadda ta fi haka laushi tana rage zafin faɗuwa, amma tayar keke tana nutsewa, ƙafar mai ja kuma tana liƙewa. Tabarmin soso masu haƙora da ake haɗa wa yara ba sa shiga hanyar wucewa, bakinsu na tashi. Silifas ma an hana. Tsofaffi suna sa takalmin cikin gida mai dunduniya wanda hancinsa ya ɗan ɗaga, yara kuma ƙafa ba komai, domin safa a kan leda santsi ce. Daga ƙofar falo zuwa banɗaki an bar hanya mai faɗin mita ɗaya da santimita 20, kuma dokar gidan ita ce abin wasa mai taya ko mai gangarawa ba ya sauka daga dakali.

 Teburin manya tsayinsa santimita 66, ƙasa da 70 ko 72 da aka saba, saboda tsofaffin nan gajeru ne kuma bayansu ya ranƙwafa. Teburin da ya yi tsayi yana sa mutum ya ɗaga haɓa yana haɗiya, abinci ya bi hanyar iska. Ƙafafunsa suna kusurwa huɗu, ba katako a tsakiya, don gwiwar mai keke ta shige. Kujerun tsayinsu santimita 40, masu hannu, masu nauyi, ba masu taya ba. Wadda ƙafarta ba ta kai ƙasa ana sa mata ɗan akwati ta taka. Yara kuma ana ɗaga su zuwa teburin manya da kujeru masu matakin ƙafa, maimakon a ware su. Duk kusurwar tebur an zagaye ta, tunda tsayin nan daidai goshin ɗan shekara ɗaya ne. Ba a shimfiɗa ƙyallen tebur, yaro zai ja ya jawo shayi.

Kicin a buɗe yake, mai girki tana ganin falon duka, ƙamshin miya yana isa ga wanda gigin tsufa ya sa ya manta lokacin abinci. Tsofaffin da ke da ƙarfi suna fere kayan miya a zaune a kan tebur, wuƙaƙen ana ƙirga su a mayar da su durowa mai makulli. Shingen da ke hana yara shiga kicin an zaɓi wanda ba shi da ƙarfe a ƙasa, domin irin mai matsewa a jikin bango yana da sanda a kwance da ke kama ƙafa.

Shugabar gidan ta ɗauko min kwalin da ke tsakiyar takardar banɗaki. Faɗin raminsa kusan santimita 4, kuma ma'aunin da ake amfani da shi a Japan milimita 39 ne, girman bakin ɗan shekara uku idan ya wangale. Duk abin da ya shige ramin nan yaro zai iya haɗiye shi, don haka ba a ajiye shi a inda tsayinsa bai kai mita ɗaya ba. Abin da ya sa wannan ya fi wuya a irin gidan nan shi ne tsofaffi su ne ke yawo da ƙananan abubuwa: ƙwayar magani da ta faɗi daga hannu mai rawa, batirin na'urar ƙara ji mai kamar maɓalli, alewa a aljihu da za a ba jika don so. Batirin maɓalli in ya maƙale a maƙogwaro yana ƙona nama cikin 'yan awoyi. Don haka magani a tebur ɗaya ake sha, a kan faranti mai duhu da ake ganin farar ƙwaya in ta faɗi, jakunkuna kuma ana rataye su a sama tun daga zaure. Haɗarin yana juyawa ma: mai gigin tsufa yakan kai dutsen wasan yara ko ƙullin roba baki. Takardar magani mai azurfa ba a yanka ta ƙwaya-ƙwaya, domin tsofaffi sukan haɗiye ta da takardar.

Ɗumi a irin wannan sanyi dole ne, kuma hitar kananzir da yawancin gidajen yankin ke amfani da ita ba ta da wuri a nan. Na'urar bango ce ke hura ɗumi, da bututun ruwan zafi a ƙarƙashin daɓe. Akwai ƙunar da ba a jin ta: fata in ta daɗe a jikin abu mai zafin digiri 44 na awa uku zuwa huɗu tana ƙonewa, a digiri 50 minti biyu zuwa uku sun isa. Jariri ba zai iya matsawa ba, tsoho mai ciwon suga ƙafarsa ba ta ji. Shi ya sa ba a kwantar da kowa a kan darduma mai lantarki.

Rana ta biyu aka kai ni wani wuri, sabon gini a wani gari kusa, wanda shi ma ba zan ambata ba. An kashe kuɗi sosai. Babban zaure, silin ya kai mita biyar, gilashi daga sama har ƙasa, daɓe yana walƙiya. Yara goma suna wasa, amma ka rantse hamsin ne. Tsofaffin sun koma can ƙarshe kusa da bango, na ga wani ya zare na'urar kunnensa ya sa a aljihu. Abin ya dame ni, domin niyyar masu ginin mai kyau ce, ɗakin ne ya raba mutanen da aka tara.

Dalilin a bayyane yake. Kunnen tsufa siraran sautuka yake fara rasawa, irin su s da sh da f da t, waɗanda su ke bambanta kalma da kalma. Idan ɗaki yana amsa-kuwwa, wutsiyar kalmar farko tana hawa kan ta biyu. Na'urar ƙara ji kuma ba ta zaɓe, har ƙarar cokali take ƙarawa, kuma kunnen da ya yi rauni ihu ya fi yi masa zafi. Ɗakin da za a yi hira a ciki ana so sauti ya mutu cikin kamar rabin daƙiƙa. A tsohon gidan, silin mita biyu da santimita 40 ne, an liƙa masa allo mai shan sauti, ga tatami, ga labule mai kauri, ga roba a ƙafar kowace kujera. A sabon ginin ba abin da ke shan sauti sai tufafin mutane. Gyaran ba ya buƙatar rushe komai: a rufe mafi yawan silin da allo mai shan sauti, a sa wani a bango ɗaya cikin kowane biyu da ke fuskantar juna, a raba zauren da kantoci masu tsayin mita ɗaya da ɗan kai waɗanda babba ke hango bayansu.

Sheƙin daɓen ma laifi ne. Idon ɗan shekara sittin kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ke isa idon ɗan ashirin yake samu, ga shi ƙyalli ya fi kashe masa ido. Yana buƙatar haske mai yawa wanda ba ya walƙiya. Mai gigin tsufa yana ganin daɓe mai sheƙi kamar an zubar da ruwa, baƙar darduma kuma kamar rami. Na tsaya na kalli wata tsohuwa a bakin irin wannan darduma, ta ɗaga ƙafa sama za ta tsallake, ta fasa, ta sake ɗagawa, sai da aka riƙe mata hannu. A tsohon gidan hasken taga yana ratsa farar takardar da ake mannawa a firam ɗin katako, wato shoji, ya watsu a ɗaki, kuma takardar mai haɗin roba ce, domin ta gargajiya yatsan yaro ɗaya ya ishe ta. Ƙa'idar launi mai sauƙi ce: daɓe launi ɗaya daga ɗaki zuwa ɗaki, abin da ake so a gani kuma ya bambanta sosai da bayansa. Sanda mai duhu a farin bango, kujera mai launi a daɓe mai haske, bakin dakali da katako mai duhu. Shuɗi da kore ba sa rabuwa a idon da ya yi rawaya, gara ja ko ruwan lemo. Ƙofar ɗakin ajiya kuwa an shafe ta da launin bango don kada ta ja hankalin kowa.

Rana ta uku na koma tsohon gidan don banɗaki da wurin wanka. Banɗaki biyu ne, taku kaɗan daga falo, ɗaya an faɗaɗa shi har mai taimako ya samu wurin tsayawa a gefe. Mazaunin tsayinsa santimita 42, sandar bango mai siffar kusurwa: ta kwance kamar santimita 25 sama da mazauni, ta tsaye kamar 25 gaba da bakinsa, domin mai miƙewa gaba yake jan jikinsa. In aka kafa ta tsaye a daidai kafaɗa ba ta da amfani. Ɗan matakin da yara ke takawa ana rataye shi a ƙugiya da zarar an gama. Makullin ƙofar ana iya buɗe shi daga waje da kwabo, ko don yaron da ya kulle kansa ko don tsohon da ya faɗi. Wurin wanke hannu biyu ne a jere, tsayinsu santimita 75 da 50, kuma ruwan zafi an kayyade shi kada ya wuce digiri 40.

Wurin wanka sakatarsa tana sama, mita ɗaya da rabi. Japanawa sukan bar ruwa a baho bayan wanka, a nan ana zubarwa nan take, ko bokiti ba a bari da ruwa, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro. Bakin bahon 40 ne daga ƙasa, da benci a gefe mai tsayi ɗaya, mutum ya zauna ya juya ƙafafunsa ciki. Ana ɗumama ɗakin tuɓe kaya kafin a shiga, saboda fita daga sanyi zuwa ruwan zafi yana wasa da hawan jini har mutum ya suma a ruwa. Shawarar hukumomin ƙasar ita ce ruwa kada ya wuce digiri 41, zama kada ya wuce minti goma.

Cuta ita ce abin da ma'aikatan suka fi tsoro a hunturu, musamman ƙwayar norovirus mai sa amai da gudawa, wadda man goge hannu ba ya kashe ta sosai. Bilic, ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, ake amfani da shi: murfin gora biyu, wato mililita 10, a rabin lita na ruwa don wurin amai, murfi biyu a lita biyu don sanduna da hannun ƙofa. Wannan ne ya sa kujerun rigar leda gare su. Tatamin ciyawa ba ta jure bilic, sai suka sa ta roba mai kama da ita, wadda ake cirewa a wanke. Gorar bilic ɗin ba a barin ta inda ido zai gani, domin ta yi kama da ruwan sha ga yaro da tsoho baki ɗaya. Kabad da firji da talabijin duk an ɗaure su a bango da ƙarfe. Girgizar ƙasar da aka yi a Noto, yankin da ke maƙwabtaka da Toyama, ranar 1 ga Janairun 2024 ta jijjiga Toyama sosai, kuma kabad ɗin da girgiza za ta kayar shi ne wanda yaro zai hau ko tsoho ya dafa.

Akwai ɗan ɗaki a bayan falo, gado ɗaya da kujera, ƙofarsa da gilashi a sama. Ba kowane tsoho ne ke son yara a kowace sa'a ba, kuma yaro mai nakasar ƙwaƙwalwa ma hayaniya takan yi masa yawa. Wanda ya gaji ya shiga nan, yana jin muryoyi daga nesa. A ganina gidan da bai da irin wannan ɗaki bai kammala ba, ko da ya samu komai daidai.

Ina zaune a bakin dakalin nan, dakalin ƙofar gida na garuruwanmu nake tunawa, inda dattijo ke zama da yamma jikoki na hawa suna sauka, ana wasan kaka da jika. Zaman tare ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke gina sabbin falo da ɗakunan taro da wuraren alwala: tayil mai santsi da sheƙi, dokin ƙofa mai tsayi, masan tsugunno ba abin kamawa, kujerun kushin masu zurfi da tsohuwa ke nutsewa a ciki ta kasa tashi. Benci mai tsayin 40 a wurin cire takalma na masallaci da sanda ɗaya a bango ba su kai kuɗin tayil ɗin ba.

Abu ɗaya ne shugabar gidan ta ce har yanzu ba su gama da shi ba, ƙofar waje. Yaro yana son fita, mai gigin tsufa ma da la'asar yakan tashi ya ce zai tafi gida. Sakata a sama tana tare yaro, ba ta tare babba. Kulle mutum da makulli kuma ba su yarda da shi ba, ga tsoron gobara. Abin da suke yi yanzu shi ne ƙararrawa mai taushin sauti a jikin ƙofar, teburin ma'aikata yana kallon zauren, takalman waje kuma a cikin kabad mai murfi, domin ganin takalmi yana tuna wa mutum tafiya. In duk da haka tsoho ya fita, ma'aikaciya takan ɗauki rigar sanyinsa ta bi shi, su zaga unguwa su dawo. Ƙarfe huɗu da rabi, ina ɗaure takalmina a kan bencin, ƙararrawar ta yi ƙara sau biyu: ɗaya uwa ce ta zo ɗaukar ɗanta, ɗaya kuma wani dattijo ne da hularsa a hannu, wata ma'aikaciya na biye da shi da lema.